Kamfani ko jami'a: ina mai binciken magani a Zariya zai dosa neman kuɗin gwamnati?

Wata Asabar bayan la'asar 'yar yayata ta yi sallama gidana a Hanwa, kwamfuta a hammata, da wata 'yar kwalba da ta ƙulle cikin leda biyu kamar mai ɗauke da humrar amarya. Digirin digirgir gare ta a harhaɗa magunguna, tana koyarwa, kuma shekara huɗu ke nan tana bibiyar wani ɓawon itace da kakarta ke jiƙawa a wanke gyambo da shi. Ta tace shi, ta ware abin da ke aiki a cikinsa, ta ɗiga a farantin da ta shuka ƙwayoyin cuta. Ta miƙo mini waya in ga hoton. Inda ɗigon ya sauka ya yi fes kamar an bi shi da tsintsiya, sauran farantin kuwa ƙwayoyin sun mamaye shi.

"Kawu, ni fa kamfani zan buɗe," in ji ta tun kafin ta kurɓi ruwan da aka kawo mata. "A Amurka gwamnati ce ke ba ƙananan kamfanoni kuɗin irin wannan bincike. Ba bashi ba ne, kuma ba ta karɓar hannun jari. Don me zan zauna jiran jami'a har in yi furfura?"

Na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje kafin in koma wajen masu sarrafa magani, inda aikina ya zama bin takardun rajista daga wannan tebur zuwa wancan. Amsar da na ba ta ta kai mu har aka kira isha'i, kuma na san ba ita kaɗai ke wannan lissafin ba tsakanin Samaru da Shika da Basawa.

Abin da ta karanta ba ƙarya ba ne. Sunan shirin SBIR, an kafa shi da doka a 1982, zamanin Shugaba Reagan. Dokar ta ce duk hukumar tarayya da ke fitar da sama da dala miliyan 100 a shekara wajen ba wasu kuɗin bincike, tilas ta keɓe wani kaso ga ƙananan kamfanoni, kuma kason ya yi ta hawa har ya kai 3.2 cikin 100. Hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ita kaɗai takan raba sama da dala biliyan 1 a shekara ta wannan ƙofa da ƙanwarta STTR, wadda aka ƙaro a 1992. Kuɗin hawa-hawa ne. Da farko akan ba kamfani kusan dala 300,000 ya amsa tambaya guda cikin wata shida zuwa shekara: abin nan zai yiwu kuwa? Wanda ya haye sai a ba shi har kusan dala miliyan 2 na shekara biyu ya gina shi sosai. Mataki na uku, wato kai kaya kasuwa, shirin ba ya ba da ko sisi. Can sai ka nemi mai zuba jari ko mai saye.

Sai dai ƙofar ba tamu ba ce. Dole kamfanin ya kasance a Amurka, fiye da rabinsa mallakar 'yan ƙasar ko masu izinin zaman dindindin, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, aikin ma a can za a yi shi. Kamfanin da ofishinsa ke Kwangila ko PZ a nan Zariya ko takardar ba za a duba masa ba. Na ce mata, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai ɗan Najeriyar da ya shiga ta wannan ƙofa, amma ta cikin gida ya shiga. Dakta Eddy Agbo ya kafa kamfanin Fyodor a birnin Baltimo, ya karɓi lasisin fasahar daga Jami'ar Johns Hopkins, ya samu tallafin SBIR daga hukumar kimiyya ta NSF, ya fito da abin gwada zazzaɓin cizon sauro da fitsari maimakon huda yatsa. A nan Najeriya aka gwada shi a jikin marasa lafiya, NAFDAC ta amince da shi, ya kuma ci kyauta a gasar ƙirƙira ta Afirka a 2016. Mai ɗan'uwa a Amurka zai iya tunanin bin wannan sawu, to amma ya sani kamfanin na ɗan'uwan ne a doka, kuma duk abin da aka ƙirƙira da kuɗin yana hannun kamfanin. Zumunci daban, takardar mallaka daban.

Ni abin da ke ba ni sha'awa a tsarin nasu ba yawan dalar ba ne. A STTR an raba gona tun kafin shuka: kamfani ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, jami'a ko cibiyar bincike aƙalla kashi 30, kuma sai sun rubuta yarjejeniyar wa zai mallaki me. Tun 1980 dokar Bayh-Dole ta bar wa jami'o'i da ƙananan kamfanoni mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Indiya, inda yawancin magungunan da ke kemis ɗin unguwarku suka fito, ta yi nata a 2012 da hukumar BIRAC, mai ba sabon kamfani har rufi miliyan 5 na wata 18. Mu kuwa ba mu da irin wannan ƙofa da doka ta kafa, wadda ƙaramin kamfanin magani zai san duk shekara a buɗe take. Kuɗin bincike na gwamnati a nan makaranta yake bi, ba kamfani ba.

Babbar rijiyar ita ce TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu. Shekaru da dama daga harajin ilimi na kamfanoni ruwanta ya riƙa zuwa, harajin da ya faro daga kashi 2 na riba ya kai kashi 3 a 2023. Tana da ƙaramin tallafi da ake bayarwa ta hannun kowace makaranta, wanda shekaru da dama rufinsa naira miliyan 2 ne, sannan akwai Asusun Bincike na Ƙasa wanda ake gasa a kansa. Zamanin da Farfesa Suleiman Bogoro ke shugabantar TETFund asusun ya tashi daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, sannan biliyan 8.5 a 2021. Za ka fara tura taƙaitaccen bayani, in ya wuce ka rubuta cikakke, ka je ka kare shi gaban masana, kuɗin kuma kashi-kashi ake sakinsa. Manyan makarantun gwamnati kaɗai ke sha daga nan. Jami'a mai zaman kanta ma ba ta ciki, balle kamfanin 'yar yayata.

Kuma kada a raina abin da jami'a ke ba mutum ban da kuɗi. Albashi yana shigowa ko gwaji ya yi kyau ko ya ƙi. Akwai ɗalibai masu neman aikin digiri na biyu, akwai ɗakin ɓeraye, akwai kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga tsangayar likitan dabbobi da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI. Garuruwa ƙalilan ne a ƙasar nan za ka samu duk waɗannan a tafiyar da ba ta fi ƙarfin ɗan acaɓa ba. Wanda zai sayi waɗannan da kuɗin aljihunsa, ko kuɗin na'urar tace sinadari guda ba zai haɗa ba.

Zariya ta daɗe da sanin abin da jami'a ke iyawa da inda ƙarfinta ke ƙarewa. A shekarun 1970 likitan Birtaniya Brian Greenwood ya shafe kusan shekara goma a nan yana binciken sanƙarau, takwaransa David Warrell kuma ya yi aikinsa kan saran kububuwa, maciyar da wasu ke ce wa gobe-da-nisa. Marigayi Farfesa Andrew Nok ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 da aikinsa kan ƙwayar sammore. Ilimi dai an samar, duniya ta shaida. Amma yau maganin dafin EchiTAb da ake ɗura wa manomi a asibitin Kaltungo, macizan daga Najeriya aka kwashe su zuwa Libaful aka tatsi dafinsu, maganin kuma a Wales da Kosta Rika aka haɗa shi. Jami'a ba masana'anta ba ce. Abin da take aunawa a ƙara maka girma shi ne yawan maƙalolin da ka buga, ba yawan kwalaben da ka sayar ba. A nan ne tarkon yake: wanda ya buga sakamakonsa a mujalla kafin ya shigar da takardar mallakar ƙirƙira ya kwance wa kansa zani a kasuwa, domin abin da kowa ya riga ya karanta ya daina zama sabo a idon doka.

Ga kuma abubuwan da ba su hannunka. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya faro 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɓera ba ya yajin cin abinci, ƙwayar cutar da ke cikin faranti ba ta jiran a sasanta. Dala da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, sinadaran gwaji kuwa kusan duk da dala ake sayo su, don haka kasafin da aka rubuta a farkon 2023 bai iya sayen rabin kayan a 2024 ba. A wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, wanda ba zan kama sunansa ba, mun dawo daga dogon hutu muka tarar gas ɗin janareta ya ƙare kwana biyar da suka wuce. Tun daga bakin ƙofa wari ya tarbe mu. Firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri ta zama kwandon shara, ruwa ja-ja yana tsiyaya ta ƙasanta, samfurin jini na shekara uku duk ya narke. Mai samfurin ya zauna a kan kujera ya cire hularsa, bai ce uffan ba har muka gama gogewa.

Da na kawo nan sai ta ce, "To Kawu, ai ka ga gaskiyata. A kamfanina ni zan sa sola, ba mai kulle mini ƙofa."

Buɗe kamfanin ba wuya. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, daga wayarsa. Wuyar tana gaba, kuma ta farko ba ta ma san da ita ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma, kuma ma'aikatan jami'o'in gwamnati suna cikin jerin. Za ta iya riƙe hannun jari, amma ba za ta zama ita ce manaja tana karɓar albashin lakcara ba. Mutane da yawa suna yi, na sani. Ranar da aka samu saɓani da wani a sashe, ranar ake tuno da dokar.

Ta biyu, wane kuɗin gwamnati ne ma ke jiran kamfanin? Mafi kusa da SBIR da muka taɓa gani shi ne shirin da Babban Banki ya buɗe a 2020 lokacin korona, wanda ya karɓi kamfanoni da masu bincike duka: har naira miliyan 50 na bincike, har miliyan 500 na haɓakawa da sarrafawa, kyauta ba rance ba. A Maris 2021 aka ba mutum biyar na farko jimillar naira miliyan 253.54. To amma shiri ne na banki, ba doka ta kafa shi ba, kuma da shugabancin bankin ya canza a 2023 sai aka ce bankin zai janye hannu daga irin waɗannan shirye-shirye. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi lakabi na musamman da rangwamen haraji da asusun jarin farawa, sai dai hankalinta ya fi karkata ga masu manhaja da fasahar zamani, ba mai jiƙa ɓawon itace ba. Umarnin shugaban ƙasa na Yunin 2024, wanda ya ɗage harajin shigo da kayan haɗa magani da injina na shekara biyu, alheri ne ga mai masana'anta da ke aiki, amma wanda bai gama gwajin ɓeraye ba babu abin da zai shigo da shi tukuna.

Rancen banki kuwa kada ma a fara. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa suka ɗora nasu a kai. Ko an ajiye batun halacci gefe, wanda mu nan ba ma ajiye shi, bincike ba shago ba ne da zai fara biyan bashi wata mai zuwa. Masu zuba jari su ma akwai nasu zafin. Kamfanin 54gene, mai tattara bayanan ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, ya tara kusan dala miliyan 45 bayan kafa shi a 2019, amma kafin 2023 ta ƙare ya kama hanyar rufewa. Mai jari yana son ganin kuɗinsa ya ninka cikin 'yan shekaru, magani kuwa ba ya jin bulala.

Inda kamfani ya fi jami'a da gaske shi ne wajen kuɗin gwamnatocin waje da ake gasa a kansa. Shirin Grand Challenges na Kanada, wanda gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyinsa tun 2010, ya daɗe yana ba da tallafin farawa na kusan dalar Kanada 100,000, kuma yana karɓar kamfanoni daga ƙasashe irin namu. CARB-X, wanda aka kafa a 2016 da kuɗin gwamnatin Amurka da gidauniyar Wellcome, daga baya Ingila da Jamus suka shigo, aikinsa shi ne sababbin magungunan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, wato fagen 'yar yayata sak, kuma ba ruwansa da ƙasar da ka fito. A kamfani kuɗin asusunka yake faɗawa kai tsaye, ka sayi sinadari yau in yau ake buƙatarsa, ba sai fayil ya zaga ofis bakwai ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za su nemi littafin kuɗi da odita ya duba, rasit na kowane kwabo, rahoto a kan lokaci, wani lokaci har da naka kason da za ka zuba. Kuma da kamfanonin Boston da Bangalore za ka yi takara, ba da maƙwabcin ofishinka ba. Wannan rijiyar ma takan ƙafe ba sanarwa: kowa ya ga yadda aka rushe hukumar agaji ta Amurka, USAID, a 2025, NIH kuma ta sauya tsarin tura kuɗi ga abokan aiki na ƙasashen waje a shekarar.

Sannan kamfani yana ci ko ana ciniki ko ba a yi. Haya, wuta, albashi, rajistar wurin aiki a hukumar masu harhaɗa magunguna, ga NAFDAC da za ta zo ta duba ko wurin ya cika ƙa'idar sarrafa magani, tun daga irin daɓen ƙasa har ruwan da ake amfani da shi. Na sha ganin mai basira ya ƙarar da kuɗin bincikensa a tayil da silin.

Akwai hanya ta uku da matasa ba su cika so ba don babu sunan "shugaban kamfani" a cikinta: ka kai abinka wani mataki, ka ba mai masana'anta lasisi, kana karɓar kaso daga ciniki. Labarin Niprisan, maganin amosanin jini wato sikila, ya isa makaranta a nan, don ya nuna daɗin hanyar da ɗacinta a lokaci guda. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani limamin coci mai maganin gargajiya daga jihar Oyo. Ba wasu baƙin abubuwa ba ne: masoro, kanumfari, karan dafi irin wanda dukawa ke rina fata da shi, da wani itace ɗan'uwan madobiya. Aka yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka gwada a jikin masu amosanin jini, aka ga tashin ciwon ya ragu. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi shi kaɗai. A 2006 Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta durƙushe da bashi, a 2009 gwamnati ta ƙwace lasisin, maganin ya ɓace daga kasuwa, iyayen yara suka yi ta nema. Sai a 2018 aka sa hannu da May & Baker, daga baya ya dawo da sunan Niclovix. Binciken bai gaza ba, kuɗin gwamnati ma ya yi aikinsa. Abin da ya karye shi ne an zuba ƙwai duka a kwando guda, kwandon kuma ba shi da gindi. Wanda zai bi hanyar lasisi ya duba mai karɓa kamar yadda ake binciken mai neman aure: yana da masana'anta da ke aiki yanzu, ko zane ne a takarda? Yana da 'yan kasuwar da ke kai kayansa Sabon Gari da Kano da Onica? A rubuta cewa in bai fara sarrafawa cikin lokaci kaza ba, lasisi ya dawo. In zai yiwu kada a ba mutum ɗaya duniya duka.

Duk hanyar da aka ɗauka, akwai tambayar da ke gaba da kuɗi, kuma da na yi mata sai ta yi shiru. Abin da ke cikin kwalbar nan na wa ne? Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na mai aikin ne, sai dai a wasu halaye ya nemi a saka masa. Ta yi amfani da ɗakin gwajin makaranta, da sinadaran makaranta, a lokacin aikin makaranta. Ba mai zuba jari ko mai ba da tallafi mai hankali da zai sa kuɗi a kamfanin da kadararsa guda ɗaya ke da wani mai ita. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike shigar da takardar mallaka, ta kuma kafa ofisoshin wannan aiki a jami'o'i da dama. Takardar tana kare mutum shekara 20. A sani dai, ofishin rajistar namu cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske, don haka samun satifiket a Abuja ba ya nufin za ka yi nasara in an ja da kai a kotu, kuma ba ya kare ka a wajen Najeriya.

Irin kayan da ke hannunka ma yana zaɓa maka hanya fiye da yadda kake zato. Sabon magani tsantsa, wanda za a ware sinadari guda a mayar da shi ƙwaya ko allura, tafiyar shekara 10 zuwa 15 ce, kuma cikin goma da suka kai ga gwaji a jikin mutane kusan tara ba sa kai labari. Babu ƙaramin kamfani a Zariya da zai ɗauki wannan kaya shi kaɗai. Gwaji a jikin mutane a Arewa kuma yana da nasa nauyin, don ba a manta da Trovan ba, maganin da Pfizer ta ba kusan rabin yara 200 masu sanƙarau da ta sa a wani gwaji a Kano a 1996, aka rasa 11 cikin yaran gwajin, aka shafe shekaru ana shari'a. Duk wanda zai nemi iyaye su sa hannu yau, inuwar wannan na bayansa, kuma sunan asibitin koyarwa da kwamitin ɗa'a ya fi sunan sabon kamfani kwantar da hankali.

Maganin gargajiya da aka gyara kuwa yana da gajeriyar hanya. NAFDAC tana ba shi izinin wucin gadi na shekara biyu bayan an tabbatar ba ya cutarwa, lambar rajistarsa takan ƙare da harafin L, kuma dole a rubuta a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Cikakkiyar rajista ta shekara biyar sai an yi gwajin asibiti. Man shafawa a fata ya fi abin sha sauƙin wucewa. Kayan gwada cuta da na'urori su ma tafiyarsu ba ta kai ta magani ba. Sai maganin dabbobi, wanda na rasa dalilin da ya sa yaranmu ke raina shi, alhali daga Zariya aka ɗauke hukumar kula da dabbobi zuwa Vom ta ƙasar Filato a 1924, kuma Bafillacen da ya ga saniyarsa ta miƙe ba ya cinikin kuɗin magani.

Da aka zo ga hukunci, na ce mata kada ta ajiye aiki. Gwajin guba a jikin ɓeraye, da gwajin ko man shafawar da za a haɗa da abin kwalbar zai yi wata nawa a zafin bazara bai lalace ba, duk aikin jami'a ne, kuma kuɗin TETFund ya isa ya yi su. Ta nemi shiga shirin TETFAIR, wanda asusun ke yi da cibiyar Innov8 a Abuja don mayar da bincike samfurin da za a iya riƙewa a hannu. Kafin komai ta shigar da takardar mallaka, ta kuma samu yarjejeniya a rubuce da makarantarta kan kason kowa. Bayan nan a yi wa kamfani rajista, ita da hannun jari, wani abokin karatunta da ba ya aikin gwamnati ya riƙe ragama. Kada kamfanin ya gina komai. Ya ba wata masana'anta mai izini kwangilar haɗa man, ya nemi lambar NAFDAC, ya nemi tallafin waje da sunansa tare da jami'a a matsayin abokiyar aiki. STTR ke nan ɗinkin gida. Ranar da kuɗin da zai biya albashinta na shekara biyu ya zauna a asusun kamfanin, sai mu sake zama.

Da a ce ba ta cin albashin gwamnati, kuma abin hannunta na'ura ce ko tsinken gwaji, da kamfani zan ce ta buɗe gobe, ta yi hayar ɗakin gwaji a lokacin da take buƙata. Da kuma a ce sinadarin nata irin wanda sai an sha ko an yi allura ne, ko ita mace ce da ba ta son hayaniyar kasuwa da bin bashin 'yan kemis, da lasisi zan ce ta nufa tun yanzu, ta bar wa masu injina injinansu.

Tana mayar da kwalbar cikin leda na tambaye ta wa ya nuna wa kakarta itacen.

"Kawu, ai Iya ta rasu."

"Allah Ya jiƙanta. Na ce wa ya nuna mata?"

Ta ɗan yi tunani, ta ce wata tsohuwa ce mai magani a wajen Giwa, kuma 'ya'yanta suna nan suna sana'ar. Na ce to su ma akwai kasonsu a takardar, ta je ta same su da goro kafin lauya ya rubuta komai.

Ranar Litinin da hantsi ta kira ni, muryarta na rawa. Ashe tun watan jiya ta tura maƙalar da ke ɗauke da sunan itacen da yadda ta tace shi zuwa wata mujalla, har sun amsa za su buga. Ta ce ta rubuta musu tun da asuba su dakata, yanzu haka tana kan acaɓa za ta ofishin da ke kula da mallakar ƙirƙira.